BIRANEN MAFAKA SHIDA: INA MAI GUDU ZAI NUFA A YAU?

Duk wanda ya daɗe yana shiga motar haya a ƙasar nan ya san shawarar da tsofaffin direbobi suke ba yaransu. Sukan ce, in tsautsayi ya sa ka buge mutum a cikin gari, kada ka tsaya inda jama'a suka taru, ka nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ka ba da kanka. Kwanan baya, a ajin masu shirin baftisma a nan Sakkwato, wani saurayi ɗan kabu-kabu ya ɗaga hannu ya ce mini, "Malam, in na gudu a ce ba ni da tausayi. In na tsaya kuma, ƙila ba za a bar ni in buɗe baki ba. To, yaya mai bi zai yi?"

Na ce da shi ya buɗe Littafin Joshuwa, sura 20. Muka karanta tare, aji ya yi tsit. Ashe tambayar da ke damun ɗan kabu-kabu a kan titin Sakkwato, Allah ya riga ya ba da doka a kanta tun zamanin Musa. Saboda haka na ga ya kamata in kawo wannan magana a wannan fili, domin ta shafi bangaskiyarmu, ta kuma shafi zamanmu a wannan gari.

YADDA DOKAR TAKE

A zamanin da Isra'ilawa suka shiga ƙasar Kan'ana, babu 'yan sanda, babu gidan yari irin namu. In an kashe mutum, ɗan'uwansa mafi kusa shi ne yake da nauyin bin hakkin jininsa. Wannan al'ada ta tsare rai ta wani gefe, gama kowa ya san in ya zub da jini akwai mai binsa. Amma ta wani gefen tana da babban haɗari, domin mutumin da aka kashe wa ɗan'uwa ba ya tsayawa tambayar ko da gangan ne ko kuskure. Zuciya tana tafasa, ƙafa tana sauri.

A kan wannan ne Ubangiji ya ba da umarni, kamar yadda muke gani a Littafin Ƙidaya sura 35, da Maimaitawar Shari'a sura 19, da Joshuwa sura 20. Lawiyawa ba su sami yankin ƙasa nasu ba kamar sauran kabilu, sai aka ba su birane 48 a warwatse cikin ƙasar. Daga cikin waɗannan aka keɓe shida su zama biranen mafaka. Uku suna yamma da Kogin Urdun: Kedesh ta Galili a arewa, Shekem a tsakiya cikin tuddan Ifraimu, da Hebron a kudu cikin tuddan Yahuza. Uku kuma suna gabas da kogin: Golan ta Bashan a arewa, Ramot ta Gileyad a tsakiya, da Bezer a kudu. Wanda ya duba taswirar da ke bayan Littafi Mai Tsarki zai ga yadda aka jera su, domin ko ta ina mutum yake, kada kogi ko nisa su tare masa hanya. Waɗannan wurare ba tatsuniya ba ne. Hebron tana nan har yau, Larabawa suna ce da ita Al-Khalil. Kufan Shekem yana gefen birnin Nablus. Sunan Golan kuwa shi ne muke ji a rediyo in ana maganar Tuddan Golan.

Musa ya ba da misali mai sauƙi. Mutum biyu sun tafi daji saran itace, babu gaba a tsakaninsu. Ɗaya ya ɗaga gatari, ruwan gatarin ya fice daga ƙota, ya sami ɗan'uwansa, ya mutu. Duk wanda ya taɓa zuwa yin itace ya san wannan na iya faruwa da kowa. To, wannan mutum sai ya ruga zuwa birni mafi kusa daga cikin shidan, ya tsaya a ƙofar gari, ya faɗa wa dattawa abin da ya faru. Su kuma wajibi ne su shigar da shi, su ba shi wurin zama. In mai bin jini ya iso da mashinsa, ba su da izinin miƙa masa shi.

Mai karatu, kada ka ɗauka an buɗe wa masu kisan kai gidan hutu ne. Bayan an karɓi mutum, sai a kai shi gaban taron jama'a a yi shari'a. Za a bincika: da makami ya buge shi? Akwai tsohuwar ƙiyayya? Ya yi masa kwanto? Ba a yanke wa kowa hukuncin kisa a kan bakin shaida ɗaya tak. In ta tabbata da gangan ya yi, dattawan garinsu za su aika a ɗauko shi daga birnin mafakar, kuma ba a karɓar dukiya a maimakon ransa. In kuwa kuskure ne, sai a mai da shi birnin ya zauna. Abu ɗaya kuma da ya kamata mu riƙe shi ne, Littafin Ƙidaya 35:15 ya bayyana cewa biranen na Isra'ilawa ne, da baƙo, da wanda yake zaman ci-rani a cikinsu. Ba a tambayar kabila a bakin ƙofa.

Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san wannan bambanci a shari'arsu, tsakanin kisan ganganci da kisan kuskure. Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 kuma, a sashe na 36, ya ba kowane mutum 'yancin a saurare shi, a kuma ɗauke shi mara laifi sai kotu ta tabbatar. Ashe babu wata doka da muke zaune a ƙarƙashinta da ta ba taron jama'a ikon yanke hukunci a kan titi.

HANYA, ƘOFA, DA BABBAN FIRIST

An umarci Isra'ilawa su gyara hanyoyin da ke zuwa waɗannan birane. Malaman Yahudawa na baya sun yi bayani a littattafansu cewa akan kafa alamu a mararraba masu nuna inda mafaka take, domin mai gudu ba shi da lokacin tsayawa tambaya. A cikin Mishna, watau tarin dokokin da suka rubuta wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Almasihu, an ce akan haɗa mai gudun da almajirai biyu masu ilimi su raka shi, domin in mai bin jini ya cim masa a hanya su yi masa magana su kwantar masa da zuciya.

Amma mafakar tana da iyaka. In mutumin ya fita bayan gari, mai bin jini ya same shi, to, ya jawo wa kansa. Zai zauna nan nesa da gonarsa da danginsa har ranar da babban firist na lokacin ya rasu. A ranar ne kaɗai zai koma gida, ba mai taɓa shi. Wannan yana koya mana cewa ko kisan kuskure ba ƙaramin abu ba ne a wurin Allah. Rai ya salwanta, an bar gwauruwa da marayu, dole wanda ya jawo haka ya ɗauki wani nauyi. Mishna ta kuma ba da labari mai ban tausayi, cewa uwayen manyan firistoci sukan kai wa mazaunan biranen abinci da sutura, don kada su riƙa roƙon Allah 'ya'yansu su mutu da wuri.

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye mana cewa mutane sun taka wannan doka ba. A 2 Sama'ila sura 2, Abner ya kashe Asahel a fagen yaƙi bayan ya gargaɗe shi har sau biyu ya daina binsa. A sura 3, Yowab ɗan'uwan Asahel ya jawo Abner gefe kamar zai gaya masa asiri, ya soke shi a ƙofar Hebron, ɗaya daga cikin biranen shida. Sarki Dawuda ya bi makarar yana kuka. Bayan shekaru, Yowab ɗin nan da kansa ya gudu ya kama ƙahonin bagade yana neman tsira, amma bai samu ba, gama jininsa na ganganci ne. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

INUWAR ALMASIHU

Me ya haɗa mu da dokar da aka ba wata al'umma tun shekaru dubbai? Marubucin Ibraniyawa, a sura 6 aya 18, ya kwatanta mu masu bi da mutanen da suka gudu neman mafaka, suka kama begen da aka sa a gabansu. Nan da nan kuma, a aya 20, ya shiga maganar Yesu Babban Firist. Masu karatunsa na fari Yahudawa ne, sun san Joshuwa 20 tun suna yara. Tun daga lokacin, masu wa'azi a ikkilisiya suna ganin biranen nan a matsayin inuwar Almasihu.

Ka duba yadda suka yi kama. Allah ne ya keɓe biranen tun kafin gatarin kowa ya fice, haka kuma ya shirya ceto tun kafin mu san muna bukata. Biranen suna kusa da kowa, Yesu ma ba ya bukatar mu yi doguwar tafiya ko mu biya kuɗin shiga. Ƙofar a buɗe take ga baƙo, bishara kuma ta Bahaushe ce da Badakkare da Bazabarme da Ibo da Bayarabe. Mai gudu ba ya tsira don ya san sunan birnin ko don yana zaune kusa da ganuwa, sai ya shiga ciki ya zauna. Haka wanda aka haifa a gidan masu bi, yana da suna daga Littafi, yana zuwa sujada ranar Kirsimeti, bai shiga ba tukuna in bai tuba ya ba da gaskiya ba. Sa'an nan mutuwar babban firist ita ce take sakin mai laifi, mu kuma mutuwar Babban Firist namu a kan gicciye ita ta buɗe mana hanyar komawa gida wurin Uba.

Amma Almasihu ya fi inuwarsa ta hanya biyu. Ta fari, biranen nan na masu kuskure ne kawai. Wa a cikinmu zai ce duk zunubansa kuskure ne? Mun yi ƙarya muna sane, mun ci amana muna sane. Da a ƙofar Kedesh muka tsaya, da dattawa sun mai da mu. Yesu kuwa ya karɓi ɗan fashin da aka gicciye kusa da shi, wanda ya faɗa da bakinsa cewa hukuncinsa daidai ne. Ya karɓi Shawulu wanda ya tsare tufafin masu jifan Istifanas. Ta biyu, babban firist na Isra'ila yakan mutu wani ya gaje shi, amma namu ya mutu sau ɗaya, ya tashi, yana nan a raye yana roƙo dominmu, kamar yadda Ibraniyawa sura 7 ta koyar.

Sai dai gafarar Allah ba ta rufe ƙofar kotu. Bulus da kansa ya faɗa a gaban Festas cewa in ya yi abin da ya isa kisa ba ya gudun mutuwa, amma ya nemi a yi masa shari'a bisa doka. Mai bi da ya yi laifi ya tuba, sa'an nan ya je ya amsa.

SAKKWATO TA SAN GUDUN NEMAN MAFAKA

Mu mazauna wannan gari ba baƙin wannan magana ba ne. Tarihin Sakkwato kansa ya fara da hijira. A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da jama'arsa suka bar Degel zuwa Gudu saboda matsin Sarkin Gobir Yunfa. A 1809 ɗansa Muhammadu Bello ya kafa birnin nan, aka kewaye shi da ganuwa. Yau ganuwar ta shuɗe, amma sunayen ƙofofi suna bakinmu kullum: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Atiku, Ƙofar Taramniya da sauransu. Kakanni a ƙasar Hausa sun san cewa in an ga ƙurar mahara, mutanen ƙauye birni suke nufa, mai tsaron ƙofa kuwa rayuka ne a hannunsa.

Ikkilisiya ma tana da nata tarihin a nan. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ta SIM ta kama aikin jiyyar kutare a Amanawa kusa da Sakkwato, kamar yadda ta yi a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina. Mutanen da dangi suka guje su, aka ware musu ƙwarya da tabarma, a can suka sami magani da wurin kwana da wanda zai taɓa su ba ƙyama. Wasu daga cikin iyalan masu bi na ƙasar Hausa daga irin waɗannan wurare bangaskiyarsu ta samo tushe. Mu da aka karɓi kakanninmu a lokacin da ba mai so, bai kamata mu manta ba.

A shekarun nan kuma mun ga gudu da idonmu. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Isa, Sabon Birni, Goronyo, Rabah da wasu wurare a gabashin jihar. A 2019 dubun dubatan mutane daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka ƙetara iyaka zuwa yankin Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Wasu kuma nan birni suka nufo, mata da goyo, tsofaffi da sanda, suka fake a kangaye da gidajen da ba a gama ginawa ba. Yawancinsu ba 'yan ikkilisiyarmu ba ne. Amma dokar Musa ba ta ce a tambayi mai gudu addininsa kafin a ba shi ruwa ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo, dole mu faɗe shi. Ranar 12 ga Mayu 2022, a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da ke nan garin, taron mutane ya kashe wata ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci. An shigar da ita ɗakin masu gadi don a tsare ta, amma taron ya fi ƙarfin ƙofar. Majalisar Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta yi tir da kisan, Bishop Matthew Hassan Kukah ya roƙi Kirista su kwantar da hankali su bar hukuma ta yi aikinta, gwamnati kuma ta sa dokar hana fita bayan kwana biyu. A watan Yuni na 2023, a mahautar Sakkwato, aka kashe wani mahauci Musulmi bisa irin wannan zargi. Ba ɗayansu da ya tsaya gaban alƙali. Kada kuma mu ce wannan cuta ta wasu ce kawai. A watan Agusta na 2021 an tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba ta Jos aka kashe fiye da 20. A watan Maris na 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, suna kan hanyar zuwa gida yin Salla. Waɗannan wurare ne da majami'u suka cika. Duk inda taro ya zama shi ne mai ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali, to, an rushe birnin mafaka a wurin, ko wane ne ya ɗauki dutse.

WA ZAI TSAYA A BAKIN ƘOFA?

Gini ba ya ceton kowa in babu mai tsayawa a ƙofarsa. A shekara ta 399, a birnin Kustantiniya, wani babban wazirin sarki mai suna Yutrofiyas, wanda ya taɓa sa hannu a rage wa majami'u ikon ba da mafaka, ya faɗi daga mulki. Ina ya gudu? Majami'a. Bishop Yohanna Kirisostom ya karɓe shi, ya hana sojoji fitar da shi, ya yi wa jama'ar da suka taru cike da fushi wa'azin jinƙai, mutumin yana maƙale da bagade. A Ruwanda kuwa, a 1994, dubban mutane suka gudu cikin majami'un Nyamata da Ntarama suna tsammanin tsira, aka bi su ciki aka karkashe, a ƙasar da yawancin mutanenta masu baftisma ne.

A ƙasarmu Allah ya nuna mana misali daga inda wasu ba su zata ba. A watan Yuni na 2018, da mahara suka afka wa ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa, dattijo mai shekaru fiye da 80, ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa. Ya fita ya tsaya gaban maharan, ya ƙi buɗe musu ƙofa. A 2019 gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma. Ya yi aikin dattawan Kedesh. Tambayar da ta rage mana ita ce, da Musulmi 200 ne suka rugo ƙofar majami'armu, fusatattun samarinmu suna biye da su, da mun yi abin da ya yi?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwa, wanda ya sami mafaka cikin Almasihu ya zama ɗan birnin, aikin gyaran hanya kuma ya hau kansa. Da fari, hannunmu kada ya shiga hukuncin taro. In an yi ihun "ɓarawo" a kasuwa, mai bi ba ya ɗaukar dutse, ba ya kawo fetur, ba ya tsayawa ɗaukar hoto da waya. Ya nemi jami'an tsaro ko dattawan unguwa da sauri. Na biyu, mu tsare bakinmu da yatsunmu. Saƙon da ka tura a WhatsApp ba ka tabbatar ba, yana iya zama ruwan gatarin da zai fice ya kashe wani. Mu koya wa 'ya'yanmu girmama abin da maƙwabci yake girmamawa. Na uku, mu bar ramuwa. Romawa sura 12 ta bar sakayya a hannun Allah, sura 13 kuma ta sa takobi a hannun hukuma. Neman adalci a kotu hakkinmu ne, mu nace a kai ba gajiya, amma jinin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ba zai share mana hawaye ba. Na huɗu, kowace ikkilisiya ta zauna tun ana zaman lafiya ta san dattawan unguwarta, da limamai, da mai unguwa. Ba a gyaran hanya ranar gudu. Zumuntar mata da ta matasa kuma su tuna da 'yan gudun hijirar da ke kangayen bayanmu, ko da mudun gero ne da tsohon zane.

Saurayin nan ɗan kabu-kabu, amsar da muka tsaya a kai da shi ita ce: in za ka iya ɗaukar wanda ka buge zuwa asibiti, ka yi, gama ransa ne a gaba. In ka ga taro zai halaka ka, ka nufi hukuma kai tsaye, ka faɗi gaskiya duka, ka sa a kai masa taimako, sa'an nan ka nemi danginsa ka ɗauki nauyin da ya hau kanka. Gudu zuwa wurin shari'a daban, gudu daga shari'a daban. Da aka tashi aji ya tsaya ya ce mini, "Malam, ni kam wancan babban birnin nake so in shiga." Ana shirin yi masa baftisma.

Kai fa, mai karatu, kana ciki, ko kana zagaye a gindin ganuwa? Ƙofa a buɗe take yau. Ubangiji ya ba mu alherin shiga, ya kuma sa mu zama masu buɗe wa wasu. Amin.